A shigo da labarai cikin aji

Ni malamin kwaleji ne a Maraɗi. Wata ranar Litinin wani ɗalibina ya shigo aji yana rantsuwa wai ƴan bindiga sun tare hanyar kasuwar garinsu. Na ce, "Wa ya gaya maka?" Ya ce, "Mushe, murya ce aka turo ta WhatsApp." Na tambaye shi muryar wa ce, kuma yaushe aka ɗauke ta. Bai sani ba. Amma kafin ya iso makaranta ya riga ya tura ta ga dangi da abokai.

Ban yi masa faɗa ba, don laifin namu ne. Shekara huɗu muna shirya yaro don jarrabawar BEPC, amma ba mu taɓa zaunar da shi mun koya masa yadda ake tantance labari ba.

Tun daga ranar na ware awa guda kowane mako. Mukan ɗauki labari ɗaya, mu saurari yadda Muryar Sahel ta ba da shi, da yadda Studio Kalangou ta ba da shi, sannan mu duba yadda yake yawo a wayoyi. Tambayoyinmu huɗu ne: wa ya faɗa, yaushe, da idonsa ya gani ko ji ya yi, kuma wa zai amfana in muka yarda. Daga nan kowa ya rubuta labarin da kansa cikin layi goma, ya ja layi a ƙarƙashin kowane "wai" da kowane "an ce". Wani in ya gama sai ya tarar rabin takardarsa "wai" ce. Dariya suke yi, amma darasin ya shiga: gani ya kori ji.

Wasu abokan aikina na cewa wannan shigo da siyasa ne cikin aji. Ni ban gaya wa yaro wanda zai yarda da shi ba. Tambayoyin da muke yi wa saƙon WhatsApp, su muke yi wa gidan rediyon waje da na gida.

Kuma abin ya wuce wasa. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, jita-jita ta sa mutane a Najeriya suka yi ta shan ruwan gishiri, wasu suka kwanta asibiti, har aka rasa rayuka. Mu nan kuma, dokar laifukan intanet ta 2019 an ƙara tsananta ta a watan Yunin 2024, aka maido da hukuncin ɗauri. Yaron da ke tura abin da bai bincika ba zai iya jawo wa gidansu abin da ba su shirya masa ba.

Ƴan uwana malamai, wannan darasi rediyo ƙarama da alli kawai yake buƙata. Mu fara a wannan makon.