SHARHI: Tsaunukan Kigali sun karɓi gasar duniya, amma ina zakarun Ruwanda?

A watan Satumban 2025, Kigali, babban birnin Ruwanda, ya zama birni na farko a Afirka da ya karɓi gasar tseren keke a kan titi ta duniya. Tseren maza ya kai kilomita 267.5, da hawan da jimillarsa ta haura mita 5,000. Tadej Pogačar ɗan ƙasar Sulobeniya ne ya yi nasara, kuma mahaya 30 kacal suka kai ƙarshe.

Abin da ya wahalar da baƙin shi ne jarin 'yan gari. Birnin yana zaune a kan tuddai, kimanin mita 1,500 sama da teku, kogin Nyabarongo na zagaye shi ta yamma da kudu. Da wuya mai gudu ko mai keke ya yi tafiya mai nisa bai ci karo da hawa ba. Hawa yana ƙarfafa cinya da zuciya, ƙarancin iskar oksijin a tudu kuma yana sa jiki ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini.

Hukuma ma ta taka rawa. Tun 2016 ake rufe wasu manyan titunan birnin ga motoci a safiyar Lahadi, yanzu sau biyu a wata, domin masu gudu da masu keke.

Sai dai tudu da titi ba su isa su samar da zakara ba. Daga 2014 zuwa 2018, 'yan Ruwanda ne suka riƙa lashe gasar Tour du Rwanda, ciki har da Valens Ndayisenga, Joseph Areruya da Samuel Mugisha. Da aka ɗaga darajarta a 2019, ƙungiyoyi masu ƙarfi suka shigo, kuma har zuwa 2025 babu ɗan ƙasar da ya sake cinye ta. Sau huɗu a cikin waɗannan shekaru 'yan Eritiriya suka tafi da kambun. Giɓin yana cikin abubuwan da kyamara ba ta ɗauka: ƙwararrun masu horarwa, abinci, kekuna masu tsada, da damar fafatawa a Turai tun ana ƙuruciya.

Akwai kuma lissafin siyasa. A Fabrairun 2025, bayan 'yan tawayen M23 sun kama birnin Goma na Kongo, Majalisar Tarayyar Turai ta nemi a soke gasar muddin Ruwanda ba ta sauya hali ba. Masu suka na zargin gwamnatin Paul Kagame da amfani da wasanni wajen wanke sunanta, ita kuwa tana cewa jari take zubawa a yawon buɗe ido.

Za a gane gaskiyar wannan jari ne idan kuɗin da aka kashe wa baƙi na kwana takwas ya sami kwatankwacinsa a horar da matashin da ke haura tuddan Kigali da keken haya kowace safiya.