Wai Wa Ya Ce Kallon Ƙwallo A Waya Sauƙi Ne?

Yau ba ci gaban labari na zo da shi ba, ƙorafi ne da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Samarinmu na nan Kalambaina sun sami sabuwar waƙa, wai zamanin tauraron ɗan'adam da gidan kallo ya wuce, yanzu kowa ya yi rajista a wayarsa ya kalli Arsenal da Chelsea yana kwance a ɗaki. Ni ko na ce an yi gudun gara an faɗa wa zago.

Mu yi lissafi. A gidan kallo mutum ɗaya ke biyan kuɗin DStv, ya sayi man janareto, jama'a su haɗa masa 'yan canjin shiga. Direban tirela da ke jiran lodin siminti da yaron shago benci ɗaya suke zama. A waya kuwa sau biyu za ka biya, ga kuɗin rajista ga kuɗin data. Lokacin da Showmax ya fito da tsarin kallon gasar Firimiya ta Ingila a waya cikin 2024 an yi ta murna. Shekara na zagayowa, a Janairun 2025, hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. To ina sauƙin? Ban ma zo kan cajin waya ba in an ɗauke wuta, ko yadda hoto ke maƙalewa ana shirin bugun fanareti, ko ka ji ihun maƙwabta an ci ƙwallo alhali a wayarka ba a ko tsallake tsakiyar fili ba.

Za a ce mini ai gidan kallon ma yana da illa. Gaskiya ne, akwai zage-zage, akwai tsallake sallah, kuma cire tallafin mai a 2023 ya sa kuɗin shiga ya tashi. Amma can idon manya na kan yaro. Wanda ya ƙule a ɗaki fa, wayar da yake kallo da ita ita ce ke ɗauke da manhajar caca, babu mai ce masa kul.

Mu marubuta mun san wannan rawar. Da shagunan hayar littattafai sun cika unguwanni, littafi ɗaya ya zaga gida goma, mai shago ya ci abinci, marubuci ya samu. Da karatu ya koma waya shagunan suka yi ta rufewa, aka bar mu da masu kwafe mana littafi suna rabawa kyauta. Haka mai gidan kallo zai bi, da mai shayi da mai tsiren da ke ƙofarsa.

Kada kuma wani ya ɗauka kamfani abin dogaro ne. HiTV ya karɓe gasar Firimiya a Nijeriya a 2007, zuwa 2011 ya durƙushe, aka bar mutane da akwatuna.

Shawarata, wanda tafiya ta kama ya kalla a waya, babu laifi. Amma in kana gari, fito ka biya kuɗin benci, kuɗin ya tsaya a unguwa. Allah Ya sa mu gane, amin.