Shirin Doka Ba Tare Da Kuɗi Ba

Idan wakilin Wudil a Majalisar Dokokin Jihar Kano ya kawo shirin doka na kafa asibiti ko makaranta a mazaɓarsa, akan baza labarin a Kara ranar Juma'a kamar har an aza harsashin gini. Alhali kuwa sashe na 120 na Tsarin Mulki na 1999 ya hana a taɓa ko kwabo daga baitulmalin jiha sai da izinin doka, kuma sashe na 121 ya ɗora wa Gwamna tsara kasafin kuɗi. Saboda haka ana iya zartar da doka, a sa mata hannu, ta kwanta a ofis shekara da shekaru ba a ware mata komai ba.

A Ingila an toshe wannan ƙofa tun 1713. Shirin dokar ɗan majalisa wanda ba minista ba, muddin zai jawo kashe kuɗin gwamnati, ba ya gaba a kwamiti sai minista ya kawo ƙudurin amincewa da kuɗin. Nijeriya ma ta bi irin wannan ƙa'ida a jamhuriya ta farko. Amma fa tana da nata aibin. A 2018 gwamnatin Ingila ta ƙi kawo ƙudurin a kan shirin dokar Afzal Khan game da iyakokin mazaɓu, ko da yake majalisa ta yarda da shi a karatu na biyu. Kwamiti ya yi ta zama yana watsewa ba a duba ko layi ɗaya ba.

A nan kuwa akasin haka ake gani. Ana barin shiri ya ci lokaci da kuɗin sauraron jama'a, sannan a tuna da aljihu a ƙarshe, kamar yadda Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a dokar Peace Corps a 2018, yana kawo ƙarancin kuɗi cikin dalilansa.

Bai kamata a ba Gwamna ikon kashe shirin wakili tun yana ƙwai ba. Abin da ya dace shi ne wakilan Kano 40 su wajabta wa kansu cewa kowane shiri ya zo da takardar ƙiyasi, wadda za ta nuna kuɗin gini da albashin ma'aikata na shekara da inda za a samo su. Kwamitin kasafi ya bincika ta kafin karatu na biyu, a kuma buga ta a jarida don mutanen Wudil su karanta.