Bashin karatu: ina ya bar 'ya'yan manoman Garun Malam?

Dokar bashin ɗalibai ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa masu tsauri: kada kuɗin shigar iyali ya kai naira 500,000 a shekara, sannan a kawo masu tsayawa biyu, kamar babban ma'aikacin gwamnati ko lauya.

Ga ɗan manomin tumatur a Kadawa, wanda samunsa ke hawa da sauka tare da farashin kwando, hakan tamkar rufe ƙofa ne.

Dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Afrilun 2024 ta soke sharuɗɗan biyu, kuma bashin na NELFUND ba shi da kuɗin ruwa.

Sai dai ta intanet ake nema, da lambobin JAMB da NIN da BVN, kuma sai makaranta ta miƙa sunan ɗalibi. A nan ne ɗan karkara kan maƙale.