Fumfunar Fadamar Guri da Nauyin da Ke Wuyan Masana Hausa

A shekarar 1945 wani masani ɗan ƙasar Italiya, Giuseppe Brotzu, ya ɗebo ruwan teku a gaɓar tsibirin Sadiniya, ya tsamo wata fumfuna wadda daga gare ta aka samo magungunan sefalosforin masu kashe ƙwayoyin cuta. A yau masana kimiyya suna bincikar fumfunar teku domin neman maganin sankara. Sinadarin plinabulin, wanda aka gwada a kan masu sankarar huhu, an ƙera shi ne bisa tsarin wani sinadari da ake samu a fumfuna ta dangin Asfagilus mai rayuwa a jikin gansakukar teku. Dalili shi ne, halittar da ke zaune a wuri mai tsanani takan samar da sinadarai domin kare kanta, kuma wasu daga cikinsu kan hana ƙwayoyin sankara rarrabuwa.

Ƙasar Hausa ba ta da teku, amma tana da fadamar Haɗejiya da Nguru, inda Guri take. A nan ƙasa takan nutse da damina, ta ƙeƙashe da rani. Wannan ma yanayi ne mai tsanani, kuma ya cancanci bincike. Sai dai fadamar tana sauyawa. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar shekara-shekara ta canja, kachalla ta toshe magudanan ruwa, masunta da manoma suna rasa wuraren sana'arsu. Idan sana'a ta mutu, kalmominta sukan bi ta kabari.

Ra'ayina shi ne, masana Hausa ne ya kamata su fara wannan aiki. Masunci da makiyayi da mai maganin gargajiya sun san abin da ke tsirowa a jikin ruɓaɓɓen itace da saiwar ciyawa, sun san lokacinsa da sunansa, a Hausa ko Badanci ko Fulatanci. Mai nazarin harshe ne zai iya taskace wannan ilimi, ya miƙa wa masana kimiyya na Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, tare da bayyana al'ummar da ta mallake shi, domin a kiyaye haƙƙinta kamar yadda yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanada.

Akwai kuma haɗarin da ya wajaba mu kiyaye. Kalmar fumfuna guda ɗaya ta ƙunshi dubban halittu. Cikin dangin Asfagilus ɗin nan akwai mai kama gyaɗa da masara a rumbu, ta haifar da gubar afalatoksin mai janyo sankarar hanta. Idan labari ya iso kasuwa cewa fumfuna tana maganin ciwon daji, ba tare da kalmomin da za su bambance mai guba da mai amfani ba, masu tallar magani za su yi ciniki da shi, majinyata su jinkirta zuwa asibiti. Saboda haka ƙirƙirar ingantattun kalmomin kimiyya a Hausa aikin ceton rai ne, kuma sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu ne ke da alhakinsa.