Samari Masu Kaɗa Jitar Bes, A Rage Kwaɗayin Kaya

Akwai wata cuta da ta kama samarin da ke kaɗa jitar bes don sha'awa a manyan garuruwan ƙasar nan, tun daga Ikko da Anaca har zuwa Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano, cutar kuwa ita ce kwaɗayin kaya. Da zarar biyu ko uku daga cikinsu sun haɗu bayan an tashi daga majami'a, ko an gama wasa a gidan biki, ba a jin suna maganar waƙar da suka kaɗa ko inda aka yi kuskure a cikinta. Maganar dai ita ce wane ya sayo Fender, wane ya aika a kawo masa mai tsirkiya shida, wane kuma amfilifayarsa ta fi ta kowa ƙara. Kowannensu ya sa wa ransa cewa abin da ya hana shi zama gwani shi ne rashin kuɗin sayen jita mai tsada. Wannan kuwa babban kuskure ne, wanda ke cinye wa yaran nan 'yan kuɗinsu da lokacinsu, har ma yana nema ya raba su da gurbinsu a fagen kiɗa.

Domin mai karatu wanda bai san ta ba, jitar bes ita ce doguwar jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda muryarta ke fita can ƙasa-ƙasa, har mutum ya ji ta a ƙirjinsa kafin ya tantance ta da kunne. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender shi ne ya fara ƙera ta da yawa don sayarwa cikin 1951, ya raɗa mata suna Precision, sa'an nan cikin 1960 ya fito da ƙanwarta mai suna Jazz. Aikinta a cikin ƙungiyar makaɗa shi ne ta ɗaure ganguna da sauran kayan kiɗa wuri guda, watau ta zama harsashin da ake aza waƙa a kai. Idan mai bes ya iya aikinsa ba kowa ke lura da shi ba, amma in ya tsaya ko da na minti ɗaya ne, nan take masu rawa za su ji ƙafarsu ta yi sanyi.

To, kusan dukkan kayan nan daga ƙasashen waje ake shigo da su, kuma kowa ya san halin da Naira ta shiga. Kafin watan Yuni na 2023 ana canza Dala ɗaya a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 kuwa ta haura Naira 1,500. Saboda haka jita da tsirkiya da lasifika duk sun yi tashin gwauron zabo. Yaro mai koyon walda ko ɗan makaranta sai ya shekara yana tara kuɗi, ko ya ci bashi, ya tafi kasuwar Alaba a Ikko ya sayo jitar da aka rubuta wa babban suna a kai, alhali wata ma jabu ce, sunan kawai aka liƙa mata. Ya dawo gida ya jona ta, ya ji amon da yake fitarwa da tsohuwar jitarsa shi ne dai yake fita, sai ya ce ai laifin amfilifaya ne, ya sake shiga wani sabon tari.

Da samarin nan za su bincika tarihin mutanen da suke kwaikwayo, da sun sha mamaki. James Jamerson, wanda ya kaɗa bes a yawancin shahararrun faya-fayan kamfanin Motown na birnin Ditroyit cikin shekarun 1960, da jita Precision guda ɗaya ya yi yawancin aikinsa, yana kaɗawa da yatsa ɗaya tak na hannun dama, tsirkiyarsa kuwa ba ya sake ta sai in ta tsinke. Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya sayi jitarsa Höfner a Hambag ta ƙasar Jamus cikin 1961 a kan kimanin Fam 30, don kuwa aljihunsa bai kai na Fender ba a lokacin, kuma da irinta duniya ta san shi. Aston Barrett, wanda ya riƙe wa Bob Marley bes, ya rasu cikin 2024, tsirkiya huɗu ya yi ta fama da ita, amma har gobe masu kiɗan rege na ƙoƙarin kamo amonsa.

Ba ma sai an tsallaka teku ba. Richard Bona na ƙasar Kamaru, wanda aka haifa cikin 1967 a garin Minta, ya kuma zama ɗaya daga cikin gwanayen bes na duniya, da wayar birkin keke ya yi wa jitarsa ta farko tsirkiya. A nan gida kuma ga marigayi Alhaji Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu cikin 2015. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya gare shi, jikinsa gwangwani ne da aka rufe da fata, amma da shi ya zaga ƙasashen duniya, ya kuma sa manya da yara suka tsaya suna saurare. Idan tsirkiya ɗaya ta ishi Ɗanmaraya, da wuya a ce huɗu sun yi wa ɗan koyo kaɗan.

Gaskiyar magana ita ce mafi yawan amon bes daga hannun mai kaɗawa yake fitowa. Idan ya taɓa tsirkiya kusa da gindinta, inda aka ɗaure ta, amon zai fito siriri mai kaifi. Idan ya matsa kusa da wuyan jita, sai ya fito da kauri da taushi. Haka kuma kaɗawa da tsokar yatsa daban, da babban yatsa daban, da ɗan roban nan na kaɗa jita daban. Uwa uba kuma sanin lokacin da za a kashe sauti, domin mai bes da ke barin tsirkiyoyinsa suna ta gunji bayan ya wuce su, ko da jitar miliyan ya riƙe, hayaniya zai tara wa jama'a. Duk waɗannan ba a sayen su da ko kwabo, sai dai a zauna a yi ta maimaitawa har hannu ya faɗa.

Wani zai ce to ashe ke nan kaya ba su da amfani? A'a, suna da shi ƙwarai, kuma rashin adalci ne a ce wa yaron da ke fama da jita mai karkataccen wuya wai laifin yatsunsa ne. Sai dai akwai abin da ya kamata a fara kashe wa kuɗi. Na farko shi ne gyara. Jita itace ce, iskar hunturu kuwa tana busar da ita, damina kuma ta kumbura ta, shi ya sa wadda aka sayo a Ikko da ta kwana biyu a Kano sai wuyanta ya lanƙwashe, tsirkiya ta yi nisa da shi, dannawa ta zama aiki. A cikin wuyan akwai wani dogon ƙarfe da ake juyawa kaɗan-kaɗan don a miƙe shi, wanda ya san kan abin zai gyara cikin ɗan lokaci, amma samari da yawa sun yar da jita mai kyau saboda rashin sanin haka. Rashin sani dai shi ya sa kaza ta kwana a kan dami. Tsirkiyar da ta dushe saboda gumi da datti ma akan tafasa ta a ruwa, a shanya, ta ɗan farfaɗo kafin a sami halin sayen sabuwa.

Na biyu shi ne wuta. Ƙarfin lantarkin Nijeriya 230 ne, na Amurka kuwa 120, saboda haka duk wanda ya sayi amfilifaya ta hannu da aka kawo daga can ya jona ta ba tare da ƙaramar taransfoma mai rage wuta ba, to ya ƙona kuɗinsa. Gurnanin nan da ke fita a lasifika ana zagin jita, sau da yawa daga ruɓaɓɓiyar waya yake, ko soket marar wayar ƙasa, ko janareto. Na uku shi ne lasifikar da aka yi domin bes. Tsirkiya mafi kauri tana girgiza kimanin sau 41 ne kawai a daƙiƙa ɗaya, irin wannan sauti kuwa yana bukatar lasifika mai iya tura iska da yawa, in an matsa wa ta ƙaramar jita sai ta yage. Jita mai araha da aka gyara, aka haɗa ta da lasifika ta ƙwarai, ta fi mai tsada da aka jona wa tarkace. Kamfanin Fender da kansa tun 1982 yake sayar da masu sauƙin kuɗi da sunan Squier, ba kuma abin kunya ba ne a riƙe su.

Har ila yau akwai wata ɗabi'a ta murɗa makunnin kauri har ƙarshe, a rage na tsakiya, wai don ƙasa ta girgiza. A cikin ɗakin taro mai bangon siminti da rufin kwano, abin da hakan ke haifarwa shi ne rugugi kawai, ba a bambance wannan sauti da wancan. Daɗin daɗawa, yawancin jama'a yanzu a wayar hannu suke sauraren abin da aka ɗauka, lasifikar waya kuwa ba ta iya fitar da sautin can ƙasa. Abin da ke sa a ji bes a cikinta shi ne muryar tsakiyan nan da aka raina. Wanda ya kashe ta ya kashe kansa da kansa a cikin waƙar.

Sai kuma batun ra'ayin kiɗa, wanda a nan ne gardama ta fi zafi. Samarin sun rabu gida uku. Akwai masu bin mawaƙan majami'un baƙaƙen Amurka, masu son tsirkiya biyar ko shida da gudun yatsa da marin tsirkiya da babban yatsa. Akwai 'yan rege, waɗanda ba su son komai sai kauri. Akwai kuma masu riƙe da hailaif da makosa da kiɗan Kwango. Kowane gida na ganin sauran ba su waye ba, 'yan gidan farko ma har sukan kira hailaif kiɗan tsofaffi. Son wani kiɗa ba laifi ba ne, laifin shi ne toshe kunne, da kuma ɗaukar salo ba tare da sanin dalilinsa ba. Alal misali, marin tsirkiyan nan da ake ta yayi, Larry Graham ne ya shahara da ƙirƙiro shi, dalili kuwa yana wasa ne tare da mahaifiyarsa babu mai ganga, sai ya riƙa cike gurbin gangunan da yatsunsa. Yanzu a ce ga mai ganga zaune, ga mai kalangu ko gangan Yarabawa a gefe, sa'an nan mai bes ya dage shi ma sai ya zama ganga, ai an tashi daga kiɗa an koma kokawa.

Abin takaici kuma shi ne abin da ake tsallakewa a je nema a waje yana nan a gida. Cikin 1970 James Brown ya zo Ikko, tare da shi akwai matashin mai bes ɗinsa Bootsy Collins, suka je suka saurari ƙungiyar Fela, daga baya Collins ya sha faɗin yadda abin da ya ji ya ba shi mamaki. Bes ɗin Fela kuwa 'yan sautuka ne kaɗan da ake maimaitawa na tsawon minti goma ko fiye, ba gaggawa, ba ƙari. Haka duk wanda ya saurari faifan Prince Nico Mbarga na 1976 da ya game Afirka, zai ji yadda bes ke tafiya da rawa ba tare da ta danne mawaƙi ba. A Kaduna ma marigayi Bala Miller da ƙungiyarsa sun nuna tun shekarun 1970 cewa ana iya aza waƙar Hausa a kan jita da ƙaho ta zauna daram.

Ɗan Arewa mai koyon bes yana da makarantar da wasu ba su da ita. Ya zauna ya saurari kalangan marigayi Alhaji Mamman Shata, ya lura da yadda wani ke jan kiɗa wani na riƙe da shi ba ya gezau, ya kuma lura da yadda mai kalangu ke matse shi a hammata don amon ya hau ko ya sauka daidai da hawa da saukar maganar Hausa. Ya saurari masu garaya da gurmi da molo, ya ji yadda suke maimaita ɗan gajeren zagaye guda har ya shiga jikin mai sauraro. Aikin bes ke nan, ba wani abu ba. Wanda ya iya ɗauko wannan ya sa a jitarsa ya sami abin da babu kantin da ke sayar da shi, wanda ya tsaya ga kwaikwayon na waje kaɗai kuwa ya tuna kayan aro ba ya rufe katara.

Kada kuma a ɗauka wannan magana ta nishaɗi ce kurum. Tun cikin shekarun 1990 da fiyanon Yamaha ya shiga ɗakunan ɗaukar waƙoƙin finafinan Hausa a Kano, mutum ɗaya ke fitar da ganga da sarewa da bes da hannu biyu, daga baya kwamfuta ta zo ta ƙara sauƙaƙa abin. Mai biki da ke lissafin kuɗinsa ba zai ɗauki mai bes ba sai in ya ga yana kawo abin da na'ura ba ta iyawa, watau ya saurari mawaƙi, ya bi ƙafar masu rawa, ya san inda zai yi shiru. Tsadar jita ba za ta sama wa kowa wannan gurbi ba.

Saboda haka ya kamata shugabannin majami'u da masu ƙungiyoyin kiɗa, kafin su amince da sayen sabuwar jita, su fara kiran mai gyara ya duba ta hannu, su gyara wayoyin wuta, su kuma ware ranar da mai bes da mai ganga za su zauna su biyu su yi ta gwaji. Hukumomin raya al'adu na jihohi da gidajen rediyon da ke ajiye da tsofaffin faya-fayai su ma suna da rawar takawa, ta hanyar haɗa samarin nan da makaɗan gargajiya da suka rage, tun kafin a neme su a rasa. Su kuma samarin, duk wanda ya tara wani abu, ya sayi tsirkiya da waya mai kyau, sauran ya bar su a aljihu, ya koma ɗaki ya ci gaba da koyo. Allah Ya sa a gyara.