Soja da Jakinsa: Shin Sai da Lambar Yabo Ake Zama Jarumi?

A ranar 25 ga Afrilu, 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Ostareliya da na New Zealand suka sauka a gaɓar tekun Galifoli, a ƙasar Turkiyya. Cikinsu akwai wani ƙaramin soja mai suna John Simpson Kirkpatrick. Ba shi da igiya ko ɗaya, kuma ba harbi aka ɗauke shi ya yi ba. Aikinsa shi ne kwaso waɗanda aka yi wa rauni daga fagen fama.

An haife shi a garin South Shields na Ingila a 1892. Tun yana yaro ya saba da jakuna, domin ya yi aikin ɗora yara a kansu a bakin teku. A 1910 ya gudu daga jirgin ruwan da yake yi wa aiki, ya zauna a Ostareliya yana saran rake da haƙar kwal. Saboda wannan gudun ne ya ɓoye sunan mahaifinsa da ya zo shiga soja a 1914, aka rubuta shi John Simpson kawai.

Galifoli wuri ne mai tuddai da kwazazzabai, ga sojojin Turkiyya a sama suna ruwan harsashi. Simpson ya sami jaki, ya riƙa ɗora masu rauni a ƙafa, yana gangarowa da su zuwa bakin teku inda likitoci suke. Ya sauke wannan, ya koma ya ɗauko wani, dare da rana. Haka ya yi ta yi har kwana 24. A ranar 19 ga Mayu, ranar da Turkawa suka kawo babban hari, harsashi ya same shi ya mutu, yana da shekara 22.

Daga baya sunansa ya bazu. An gina gunkinsa da jakinsa a gidan tunawa da yaƙi da ke Kanbera, ana kuma koya wa yara labarinsa a makaranta. Mutane da yawa suka dage cewa a ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi daraja a sojan Birtaniya da ƙasashen da ke ƙarƙashinta. A 2013 kwamitin da ya binciki maganar ya ce a'a. Wasu suka ji haushi ƙwarai.

A ganina kwamitin ya yi daidai. Kada mai karatu ya ɗauka raina Simpson nake yi. Wanda ya bi hanyar da harsashi ke zuba, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, don ya ceci wani, babu mai ja da jarumtarsa. Amma jaki yana iya ɗaukar wanda zai iya zama a kansa ne kawai. Wanda aka harba a ciki ko a ƙirji, sai dai mutane su ɗauko shi a gadon majiyyata, suna tafiya a hankali, hannuwansu duka a riƙe, ba damar gudu ko fakewa. Abokan aikin Simpson ne suka yi wannan, a kwazazzaban nan da ya bi, wasunsu ma can suka rasa rayukansu. Wa ya san sunayensu a yau? Abin da kwamitin ya duba ke nan: jarumtar Simpson irin ta sauran 'yan ƙungiyarsa ce, kuma an riga an ambaci sunansa cikin rahoton yabo na soja tun a lokacin.

Jakin ne ya fito da shi daga cikin taro. Mutum da jaki abu ne mai sauƙin ɗauka a hoto, mai sauƙin tunawa, kuma a lokacin gwamnati tana bukatar labarin da zai jawo samari su shiga soja. Shi ya sa labarin ya yi ta kumbura, har aka ce ya ceci mutum 300, adadin da masana tarihi suke shakka a kansa, domin hanyar tana da nisa, kwanakin kuma kaɗan ne.

Kabarinsa yana nan a maƙabartar bakin teku ta Galifoli, cikin jerin kaburburan sauran sojoji, dutsensa daidai da nasu.